Kwalbar Maganin Tari

"Lafiya lau, Purvis, hawo ka zauna. Wannan na bayanka kuma, mai gashi kamar tsohuwar tsintsiya, wa ya gayyace shi?"

Haka Kaka Odessa ta tarbe mu ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a barandar gidanta da ke bakin garinmu a Alabama. Ni ne direban ƙungiyar kiɗan jikokinta biyu, Wendell da Royce. Wendell abokina ne tun muna aji ɗaya. Wata takwas ke nan da ya nutse a kogi wajen kamun kifi, kuma har yau idan na tsaya shan mai, lemo biyu nake sayowa.

Royce ya ƙanƙame faifan gwaji na sabbin waƙoƙinsu, na farko da babu yayansa a ciki. Gobe za a buga shi da yawa don sayarwa, amma ya rantse sai ta ji ta yarda. A hanya sau biyu yana cewa in juya.

"Tsohuwa, ni na gayyaci kaina," in ji shi. "An ce kin soya kaza, na zo ceton kazar."

"Ka fara ceton kanka wurin mai aski. Me ka rungume kamar jariri?"

"Faifai ne."

"Na Alfadarai?"

"Alfadaran Jar Ƙasa. Ke kika raɗa mana sunan."

"Zagi na yi, kuka ɗauka suna ne. Purvis, ɗora shi."

Na ɗora a garmahonta. Faifansu na farko tsere ne, jita uku na bin juna, ta Wendell a sama tana kuka kamar jirgin ƙasa daga nesa. Wannan kuwa a hankali ya taso, da nauyi, ganga na sauka kamar ana kafa turken shinge.

"Garmahona ya lalace ne?" ta ce. "Gudun ya ragu."

"Haka muka yi shi."

"Da gangan? Na farkon ya sa na fasa faranti ina rawa a wanke-wanke. Wannan kamar tarakta ta maƙale a laka."

"Don gwiwoyinki muka rage, kada ki karye mu shiga uku."

"Gwiwoyin nan sun raka maza biyu makabarta sun dawo da ƙafarsu. Muryarka fa? Da kamar zakara, yanzu kamar sa mai mura."

"Girma ne."

"Taba ce, ja'iri."

Ya yi dariya, amma ƙafarsa na ta bugun katako. Sai waƙa ta uku ta shigo, wadda ke da jan jita a tsakiya. Kaka Odessa ta ajiye kofin shayinta mai ƙanƙara.

Wendell da kwalba yake jan jitarsa, 'yar ƙaramar kwalbar maganin tari da yake zura wa yatsa yana goga ta a kan tsirkiya. Da ita muka binne shi. Ni na saka masa a aljihu. Royce ya zaga kantunan magani har Tennessee neman irinta, duk kwalaben sun koma na roba.

"Wa ke jan wannan?" ta ce.

"Ni."

"Da me?"

"Guntun bututu. Na yanko a ƙarƙashin famfo."

"Na ji a haƙorina. Kwalba kuka take yi, ƙarfe kuwa cizo."

"To a fasa ke nan, Kaka?" Bai ce tsohuwa ba. Muryarsa ta shige ciki.

"Na ce kana kiɗa kamar mai gyaran famfo."

Ta tashi ta shige ɗaki. Faifan na ta juyawa. Royce ya kalle ni, ni kuma na kalli takalmina. Na tabbata kuka ta tafi yi, na ji haushin kaina da ban juya motar ba.

Ta dawo da 'yar kwalba cike da maɓallai, ta juye su a tire.

"Kwalba biyu likita ya ba kakanku. Ɓarawon yayanka ya sace ɗaya yana shekara goma sha biyu, na ɓoye wannan."

Royce ya kasa miƙa hannu. "Faifan fa?"

"Ku buga shi yadda yake. An yi rashi a gidan nan, duk mai kunne ya ji. Kada ka taɓa shi. Kwalbar ta faifai na gaba ce, kuma a ƙara gudu, ina da sauran faranti."

Ya karɓa, ya gwada a yatsan zobe inda Wendell ke sawa. Ta ƙi shiga. Ya matsa, ta ƙi. Sai a ƙaramin yatsa ta zauna.

"Yatsu kamar dankali," ta ce. "Tun yaushe nake cewa ka bar min kazata."

"Kin ci, tsohuwa," in ji shi, yana dariya yana share ido da bayan hannu.

Ta buɗe kwano ta zuba masa fiffike ɗaya tal. Ni kuwa ta ajiye min cinya biyu. Na cinye har da ta Wendell.