Ranar da Na Koya wa Surukina Fakin

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba na jin zan manta da ranar da na je ɗauko surukina a bakin iyakar Jibiya. Ni malamin makaranta ne, kimiyya nake koyarwa. Shi kuwa surukin nawa (sunansa ba zai fito daga bakina ba, Baba nake ce masa) tsohon direban babbar mota ne, ya tsufa a hanyar Katsina zuwa Maraɗi. Shekara bakwai ina auren 'yarsa, bai taɓa yi mini faɗa ba, amma kuma bai taɓa yaba mini ba. A idonsa ni ɗan boko ne wanda hannunsa bai san komai ba sai alli. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai, ina neman ranar da zan burge shi.

Sai ga ranar ta zo da damina. Baba ya sayo buhunan aya daga Maraɗi, motar da ta kawo su za ta sauke a bakin iyaka, ana neman wadda za ta ƙarasa da su gida. Na ce wa maiɗakina ta gaya masa kada ya nemi kowa. Na ari a-kori-kurar wani abokina, sabuwa fil, otomatik, na sa shaddata fara mai sitaci (don Allah wa ke zuwa ɗaukar buhu da farar shadda?), na kama hanyar Magama ina ji da kaina.

Na tarar da Baba zaune kan buhu yana jan carbi. Wurin da kayan suke gangare ne, sai na juya motar, hancinta sama, bayanta na kallon wani kwatami da ruwan jiya ya cika. Na tura sandar giya zuwa P, wato fakin, na kashe, na sauko na durƙusa na gaishe shi. Bayan gaisuwa ya dubi motar, ya ce a hankali, "Malam, kamar ban ji ka ja birkin hannu ba."

Da mai hankali ne da sai ya ce "To, Baba," ya tashi ya ja. Ni kuwa daga durƙushen nan na buɗe aji. Na ce, "Ai Baba wannan ba irin motocinku na da ba ce. In an sa ta a P ta kulle kanta. Birkin hannun nan ado ne kawai." Har da ɗaga murya, don direbobin da ke shan shayi a gefe su ma su ƙaru.

Baba ya ce, "To, Malam," ya ci gaba da jan carbinsa.

'Yan dako suka fara lodi. Kowane buhu ya faɗa, motar sai ta ɗan yi ƙugi ta gyara zama, ni kuma ina tsaye hannu a aljihu ina ba da umarni. Da aka gama, na buɗe wa Baba ƙofar gaba, na zagaya na shiga, na tayar, na taka birki, na kama sandar giya. Ta ƙi motsi. Na sake ja, ta ƙi. Na sa hannu biyu ina murmushi, wai don kada Baba ya gane, alhali zufa ta riga ta karyo mini har cikin hula.

Ashe kuma na tare hanyar wata babbar mota da ke son fita. Direbanta, mutumin Nijar, ya danna ham ya leƙo. "Kai mai fararen kaya! Gusa mamu, kamiyo za shi wuce!" Wani jami'i ya busa usur yana yi mini alama da hannu in matsa. Kafin in ankara an kewaye mu, masu shayi, 'yan canji, masu babur, kowa ya zama bakanike. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce a kira malami ya yi tofi.

Na sauko na buɗe bonet, na tsaya ina kallon injin ina gyaɗa kai (wallahi ban san sunan abu ko ɗaya a ciki ba). Na sanar da jama'a cewa matsalar kwamfuta ce, sai an zo da na'ura daga Katsina.

Duk wannan Baba na zaune a mota yana kallo. Kun san halin surukai, ba zai gyara wa mijin 'yarsa magana a gaban mutane ba. Sai ya yafito babban 'yan dakon, wani dattijo mai furfura, ya yi masa magana da muryar da har masu shayi suka ji.

"Hwaɗa ma Malam shi ruhe bonet, ba nan ciwon yake ba. P ɗin nan tasa wani ɗan ƙarhe na, kamar sakata. Ka ga in ƙohwa ta jingina kan sakata, ai sai an tura ƙohwar kahin sakata ta zare. Nauyin buhunan ga duk ya zamna kanta. Ku tura mota sama kaɗan."

Dattijon ya juyo ya maimaita mini kalma bayan kalma, ni da nake tsaye taku biyu daga wurin. Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba ya tattare rigarsa ya koma kujerar direba, ni kuma na bi 'yan dako zuwa baya.

Na ce a raina, ko a turi dai sai na fanshe mutuncina. Na kafa ƙafa a laka, na sa kafaɗa, na runtse ido. Aka ce bismillah, muka tura. Na ji wani ƙwas, ashe giyar ce ta fita. Kowa ya gane ya saki, ban da ni. Baba ya ba mota wuta ta yi gaba, ni kuma na bi iska da dukkan ƙarfina, na kifa rub-da-ciki a kwatamin nan. Na ɗago ina tofar da laka, hulata na iyo, direban Nijar na dukan ƙofar motarsa don dariya.

Baba ya leƙo ta taga ya dube ni, ya dubi kujerar mai mota. "Malam, motar aro ce. Ko ka hau bisa buhu?"

Haka muka shiga garin Jibiya, tsoho a sitiyari, ni a saman aya kamar kayan da aka tsinto. Da muka tsaya a ƙofar gida ya taka birki, ya ja na hannu a hankali har sai da na ƙirga ƙarar haƙoran birkin daga can sama, sannan ya sa P. Maiɗakina ta leƙo zaure, ta gan ni, ta toshe baki da mayafi.

"Baba, lafiya? Me ya same shi?"

"Lahiya lau. Ashe mijin naki jarumi na. Na daɗe bisa hanya, ban taɓa ganin mai turin mota da zuciya ɗaya irin tasa ba."

Yabon da na yi shekara bakwai ina nema ke nan, kuma bai tsaya a zaure ba, ya zaga dangi kaf. Yau ko motar wa ta mutu a gidan surukaina, kafin a kira bakanike ni ake bugo wa. Ni dai yanzu ko a tsakar gida na tsaya sai na ja birkin hannu kafin in taɓa P. In kuma kana addu'ar surukinka ya yaba maka, ɗan'uwa, ka daure ka faɗi irin yabon da kake so.