Ranar da Na Ƙi Sakin Igiya

Ko na tsufa na rikice, ba zan manta da ranar da tekun Jidda ya kunyata ni ba. Lokacin shekarata huɗu ina dakon shinkafa a unguwar Kurayyat, ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, kullum gabana faɗuwa yake. Abin da nake taƙama da shi kawai damatsana (har shafa musu mai nake yi, Allah Ya yafe mini).

Usman, ɗan ƙanwar babata haifaffen unguwar Ruwais, shi ke yi wa wani Balarabe tsere da ɗan kwalekwale mai ƙyalle, irin wanda iska ke turawa. Abokin tuƙinsa ya karye a hannu, Balaraben ya ce duk wanda ya maye gurbinsa zai zame masa kafili, ya tsaya masa ya samu iƙama. Na dubi Usman, siriri kamar sillen kara, na ja tsaki. Wai wannan ne ɗan wasa! Na ce ni zan maye gurbin.

"Yaya, wallah ba ƙarfi ba ne, juriya ce," in ji shi da Hausarsa mai warin Larabci. "Ka saƙala ƙafa a ɗamarar kwalekwalen, ka kwanta ta baya kan ruwa, igiyar ƙyallen a hannu, awa ɗaya. In iska ta yi yawa, ka saki shwayya, kaɗan-kaɗan."

"Rufe mini baki! Ni mai ɗaukar buhu biyu za ka koya wa riƙo?"

Ranar gwaji, minti goma ban yi ba hannuwana suka fara rawa, cikina kamar ana yanka shi. Ɗan sillen karan kuwa ko haki ba ya yi. Sai ga iska ta taso.

"Yalla, saki! Yaya, saki!"

To a wurin ɗan dako, in kaya ya yi nauyi ƙara damƙewa ake yi, sakin kaya abin kunya ne. Na rufe ido na damƙe da dukan ƙarfina. Kwalekwale ya kife da mu.

Ga rigar ceto a jikina, amma ihu nake ina kalmar shahada, ina kiran babata da ke Gwarzo. Usman ya miƙar da kwalekwalen shi kaɗai, ya jawo ni ta wuyan riga da hannu ɗaya, a gaban Balaraben da matarsa da 'ya'yansa mata.

"Halas," kawai Balaraben ya ce, wato zance ya ƙare. Wani ramammen Basudane ya samu iƙamar.

Kwana uku ban iya kai loma baki ba, Usman ke ba ni a cokali. A nan na gane ƙarfin da bai san lokacin saki ba, jaki ma yana da shi.