Haddar Turanci a Gaban Likita

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na buɗe baki na kori kaina daga aikin da ba a ma ba ni ba.

Ni ɗan adaidaita sahu ne. Ban yi boko ba. Allo na yi a ƙauyenmu, shi ma ban yi nisa ba rayuwa ta koro ni Kano. Na yi dako, na yi gadi, na kwana a tasha, na yi jinyar karaya. Duk wannan bai sa ni hawaye ba. Turanci ne ya kusa.

Abu ɗaya Allah ya ba ni, shi ne kunne. In magana ta maimaitu a kusa da ni, ta zauna ke nan, ko na so ko ban so ba.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Sista Binta, da nake ɗauka kullum da safe daga Unguwa Uku in sauke ta a Gyaɗi-Gyaɗi. A lokacin tana shirin jarrabawar Turanci ta masu son fita waje aiki. Da ta zauna a baya sai ta buɗe littafi ta kama karatu da ƙarfi, shafi ɗaya take ta nanatawa. Wata rana cunkoso ya riƙe mu, na ce mata, "Sista, wai me kike ta bita haka?"

Ta ce, "Malam, Turanci ne da iyayi. Kowace kalma da abokin tafiyarta. Wannan ba ta fita sai da of, waccan sai da at, wata sai da in. Kalmar aikatau da ta biyo baya kuma sai an liƙa mata ing a wutsiya."

Na ce, "To, kamar kan tirela da bodinta."

Ta ce haka ne. Ban tambayi ma'ana ba. (Da furfura a gemuna in tsaya ana koya mini karatu a tsakiyar titi? Girman kai ya ce a'a.) Amma kafin wata ya ƙare, shafin nan kaf yana kaina.

Mashin ɗin da nake ja ba nawa ba ne, kuma mai shi ya riga ya gaya mini zai sayar bayan salla. Ga bayana ya fara ciwo. Ga iyali. Ana haka Sista ta kawo labari: wani asibitin kuɗi a Tarauni ya yi sabuwar likita 'yar kudu, ba ta jin Hausa, ana nema mata direban mota mai ɗan jin Turanci. Mota mai sanyi, albashi duk wata.

Ta ce, "Kana ji kuwa, Malam?"

Na ce, "Ina taɓawa."

Ranar ganawa na sa farar shaddata ta salla, na kafa hula, na shafa turare. Na tarar da direbobi a jere kan benci a bakin ofis, cikinsu har da Ɗanlami, abokin tsokanata na tasharmu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ango, ina amaryar?" Ban kula shi ba. An ɗauke wuta, zafi ya yi yawa, don haka ƙofar ofis a buɗe take. Wannan ƙofa ita ta ƙarasa ni.

Da aka kira ni na shiga na gaida su. Likita na zaune da tabarau, gefenta manajan asibitin, Malam Sabo. Ya ce, "Zauna, ni zan yi maka tafinta."

Na ce, "Bar shi, Malam. Hutar da kanka."

Ya ɗaga gira ya jingina da kujera.

Likita ta yi murmushi ta faɗi wani abu. Ban gane ko ɗaya ba, na ɗauka cewa ta yi in fara. Ni kuwa hanya ɗaya na sani ta ba da hadda, wadda aka koya mini da bulala ina yaro. Na gyara zama, na naɗe hannu a ƙirji, na runtse ido. Jikina ya kama rangaji gaba da baya da kansa. Murya ma ta hau irin jan nan na masu tilawa.

"I am tired of working. I am fond of sleeping. I am afraid of driving."

Likita ta katse ni da wata tambaya. To duk wanda ya yi allo ya sani, in aka katse ka a tsakiya ba ka ɗorawa daga nan, farko kake komawa. Na koma farko. Na ƙara murya, don na zaci ba ta ji da kyau ba.

Wannan karon na yi nisa. "I am used to coming late. I am not good at listening. I am interested in..." Sai ta maƙale. Na sake ja, ta ƙi. Na buɗe ido ɗaya na dubi Malam Sabo, don a ƙa'ida in mai karatu ya tsaya, na kusa ne ke tuna masa. Na gan shi ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa.

Na ce, "Malam, ɗora mini mana."

Bai iya ba. Allah ya taimake ni ta faɗo da kanta: "leaving this country!" Na sauke hannu ina jiran a ce madalla.

Malam Sabo ya share ido ya ce, "Bawan Allah, ka san abin da ka faɗa?"

Na ce, "Turanci."

Ya ce, "To bari in mayar maka da kayanka. Ka ce ka gaji da aiki. Ka ce ba abin da kake so kamar barci. Ka ce tsoron tuƙi kake yi."

Daga waje na ji muryar Ɗanlami: "Wallahi gaskiya ya faɗa, ranka ya daɗe, mu ne shaida!"

Benci ya ɗauki dariya. Malam Sabo bai tausaya ba. "Ka ce ka saba da makara. Ka ce ba ka iya sauraron mutane ba. Sannan ka rufe da cewa burinka ka bar ƙasar."

Likita ta cire tabarau tana goge hawaye, ta yi magana. Malam Sabo ya ce, "Ta ce tunda take ɗaukar ma'aikata ba ta taɓa ganin mai gaskiya irinka ba. Ta ce a ba ka ruwa."

Na sha ruwan. (Me zan yi? Hadda ta sa ni ƙishi.) Na yi ta maza na ce, "A ba ni mukulli in nuna abin da na iya."

Ya ce, "Haba Malam, wa zai ba mai tsoron tuƙi mukulli?"

Da na fito, duk 'yan bencin sun naɗe hannu sun runtse ido suna rangaji. Na wuce ta tsakiyarsu na yi waje. Ɗanlami aka ɗauka. Mashin kuma aka sayar, na koma jan wani da ya fi shi tsufa da hayaƙi.

Washegarin ganawar Sista Binta ta shigo tana danne dariya, labari ya riga ni isa. Ta ce, "Malam, ai misalai ne na littafi! Me ya hana ka tambaye ni?"

Na ce, "Shi littafin me ya hana shi kawo misalin mutumin kirki?"

Ta girgiza kai ta koma kan littafinta.

Darasin ba shi da tsawo. A sana'armu, fasinja ya zo da buhu a ɗaure, ba na ɗauka sai na ji abin da ke ciki, ko zai yi fushi ya yi. Har yau ina mamakin yadda na yi wa kaina lodin da ba zan yarda in yi wa mashin ɗin wani ba.