Rijiyar Sirri ta Ƙofar Jatau

Idan ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa Zariya baiwa da su, a fara da Malam Abdulbaƙi na Ƙofar Jatau, in ya so a huta kafin a ci gaba. Shi ne shugaban ofishin ba ɗalibai shawara a jami'armu, wurin da ake kai damuwar zuciya da larurar da ba a faɗa a gaban jama'a. Ya yi kwas na kwana uku a Abuja, ya dawo da satifiket, ya sa aka buga masa kwafi uku: ɗaya a ofis, ɗaya a zaure, ɗaya a kujerar bayan mota saboda ko-ta-kwana. Shi ya raɗa wa kansa Rijiyar Sirri. Ɗalibai, da yake ba su da ladabi, Labarun Duniya suke ce masa.

"Ni ɗin nan da kuke gani," haka yake buɗe taron sababbin ɗalibai kowace shekara, "abin da ya shiga kunnena ya shiga kabari. Konfidenshal! Akwai wata 'yar aji uku a sashen Kimiyya, doguwa, mai jan mayafi, abin da ta faɗa mini bara, wallahi ko da wuƙa ba za ku ji daga bakina ba."

A shekarar da ya ba da wannan misalin, duk zauren ya waiwaya wajen tsofaffin ɗaliban da ke zaune a baya. Mai jan mayafi ɗaya ce.

Ga shi da tsari. Ya jera benci uku a ƙofar ofis, kowanne da allonsa da manyan baƙaƙe: MASU DAMUWA, MASU LARURAR MARA, MASU TAZARAR HAIHUWA. Wai don kada a ɓata lokaci. Barandar kuwa ita ce hanyar zuwa wurin cin abinci, saboda haka kafin ka ga Malam, rabin ajinku sun riga sun san abin da ya kawo ka.

Tausayi kuma ba a magana. Da Haisam ya je ya ce masa fargabar jarrabawa ta hana shi sakat, gabansa faɗuwa yake yi ba dalili, Malam bai tsaya wata-wata ba. Bayan sallar La'asar ya miƙe a masallacin unguwa ya ce, "Jama'a, a sa Haisam na gidan Alhaji Jalo a addu'a. Aikina ya hana ni faɗin abin da ke damunsa. Amma dai daga wuya ne zuwa sama." Har yau in Haisam ya yi dariya a majalisa sai an ɗan matsa.

To, a hannun wannan bawan Allah Ibtisam ta faɗa. Tana ajin ƙarshe, da goyon wata bakwai, ga furojet a gaba. Sun yi shawara da mijinta Nafi'u za ta huta da haihuwa har ta karɓi digirinta. Abu ɗaya take tsoro, kada maganar ta kai kunnen surukarta, Hajiya Sailuba ta Ƙofar Galadima, wadda gida ɗaya suke zaune, kuma tun yanzu ta fara tara zannuwan goyo na biyu. Ibtisam ta ƙi zama a benci. Ta laɓe har baranda ta yi shiru, sannan ta faɗa ofis.

Malam ɗan birni ne na asali, ba ya fara magana da mutum sai ya san tushensa.

"'Yar gidan wa ce?"

"Malam, ni dai shawara na zo nema."

"Za a zo nan. Aure fa, a wane gida?"

Ta faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Malam ya tafa hannu. "Ikon Allah! Gwaggo Sailuba! Ai kakarta da kakan babana nono ɗaya suka sha. Kin zo gida, 'yata. Faɗi komai."

Ta faɗi komai. Ya yi mata lacca ta minti arba'in a kan kwas ɗinsa na Abuja, har da irin shayin da aka ba su. Shawarar da ta zo nema kuwa ya ce ta dawo wani makon, zai duba fayil. Ya raka ta har baranda yana ɗaga murya: "Ki kwantar da hankalinki, Gwaggo ba za ta taɓa ji ba!"

Shekara huɗu rabon Malam da ya leƙa Ƙofar Galadima. Ranar Juma'ar nan zumunci ya motsa masa. Ya sami Hajiya Sailuba a tsakar gida tana tsince shinkafa, ya durƙusa, aka gaisa, ya gyara babbar riga.

"Gwaggo, aikin nan namu nauyi gare shi. Mutum ya san abu, ba halin faɗa. Yanzu ko da a ce surukarki ta zo ofishina ranar Talata, wajen sha ɗaya da rabi, kin ga ai ba zan gaya miki ba. Sai dai a matsayina na ɗanki, zannuwan nan da kike tarawa, a sa musu maganin asu. Za su kai shekara biyu a akwati."

Ya sha kunu kofi biyu, ya tafi yana jin daɗin yadda ya riƙe amana.

Mako biyu Hajiya ba ta amsa gaisuwar Ibtisam sai da ka. Yarinya ta rame, karatu ya ƙi shiga, ta yi kuka har ta gaji. Na tausaya mata ƙwarai, don ba ta yi laifin komai ba. Rannan dai ta kasa daurewa, ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ki yafe mini. Karatun nake so in gama."

"Ke, wa ya ce miki karatunki ne ya ɓata mini rai? Gama abinki, jikoki ba guduwa za su yi ba. Abin da ya ƙona ni, duk garin nan ki rasa wanda za ki kai wa sirrinki sai Baƙi? Yaron da tun yana shekara bakwai in za mu yi gulma sai mun aike shi kasuwa? Da ni kika gaya wa, da mutum ɗaya ya ji. Ɗauko mayafinki."

Hajiya da kanta ta sa ta a Keke Napep zuwa wani ƙaramin asibiti a wajen Wusasa, inda wata nas mai furfura take duba mata ba tare da ta tambayi kakan kowa ba. Suna jiran layi sai matar da ke gefensu ta ɗaga niƙabi don ta sha ruwa. Hajiya ta zaro ido.

"Umma? Matar Baƙi? Me kike yi a nan?"

"Abin da ya kawo ku, Gwaggo. Shekarata shida ina zuwa, duk Ƙofar Jatau ba wanda ya sani."

Ibtisam ta ce, "Har Malam?"

Umma ta mayar da niƙabinta. "Ai shi ya sa ba wanda ya sani."