Ƙauyenmu Kore Ne a Taswira

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Auna Hatsari da Raya Bakin Kogi, uban taswira, mai hango ruwa daga saman bene, Allah ya ƙara maka busasshiyar ƙasa a ƙarƙashin ƙafa.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takalmanka ba su jiƙe ba, ni ce Salanieta, matar marigayi Sakiusa, daga Natirikula, inda kogin Rewa yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Godiya ce ta sa na rubuto. Taswirarku ta iso, an manna ta a bangon coci. Mun ga an shafa wa ƙauyenmu kore, wato ba mu cikin hatsari, don haka katangar tare ruwa da muka roƙa an kai ta wani wuri. Mun yi murna ƙwarai. Kogin ne kaɗai har yau bai iya karatu ba.

Ga 'yan abubuwa ƙanana, in ba su ɓata maka shan iska ba.

Na farko. Da aka ce mai awonku zai zo, mun yi abin da iyayenmu suka koya mana, domin a wurinmu ba a nuna wa baƙo kunyar gida. Mu matan coci muka wuni muna shafa wa bangon coci farar ƙasa, har layin laka da ambaliya ta bari daidai ƙirjina ya ɓace. Muka shimfiɗa sabbin tabarmi a kan ruɓaɓɓen katako. Baƙon naku, wani dogon Bature mai malafa, ya ɗauki hoton bangon, ya rubuta babu alamar ruwa. Ranka ya daɗe, a makarantar da ya yi ba a koyar da taɓa bango ne? Ko bushewa bangon bai yi ba. Da farin a bayan rigarsa ya koma.

Na biyu, kuma nan ne gizo yake saƙar. Mun zaunar da shi, an dama yangona, abin shan da muke tarbar baƙo da shi, an miƙa masa ƙwarya ta farko. Bai gama haɗiyewa ba ya tambayi tsoho Peniasi, mai magana da yawun gari, yaya kogi. Peniasi ya tafa hannu ya ce, "Vinaka." Kai ma ka sani, kalmar nan a bakinmu tana nufin na gode, tana kuma nufin lafiya lau. Tsohon godiya yake yi da aka tambaya. A wurinmu ba a faɗin kukan gari sai ƙwarya ta zaga ta sake zagawa, baƙo ya ci gwaza da kifi ya miƙe ƙafa. Naku kuwa ya rubuta lafiya lau, ya dubi agogo, ya ce teku na janyewa, ya faɗa jirgi.

Na ce wa tsohon, "Baba, ka kashe mu da ladabi." Ya ce, "Yo ni ko gyaran murya ban gama ba! So kike in tarbi baƙo da kuka, Sala?" Shin kalma ɗaya tak aka koya wa mutumin nan a jirgin sama, aka damƙa masa makomar gari?

Na uku. Mun gode da allon da kuka kafa, mai kibiya, wai in ruwa ya zo a gudu zuwa tudu. Wane tudun? Abin da ya fi komai tsawo a nan shi ne mumbarin fasto, shi ma mutum ɗaya yake ɗauka. Ruwa ya tuge allon, yanzu maƙwabciyata Vasiti tana yanka kifi a kansa, ta ce in gaya muku katakon mai kyau ne.

Na huɗu. Ci gaba mai ɗorewa da kuka kawo mana shi ne matsayar jirgin ruwa don manyan baƙi. Itatuwan da suke riƙe gaɓa aka sare don a gina ta, daidai gindin maƙabarta. Matsayar kam ta ɗore. Gaɓar ce take tafiya. Daminar bara ta ɗauki kabarin surukata. Mai bi mata a layi shi ne Sakiusa, kuma duk lokacin da teku ta cika, ruwa yana lasar yadin da na lulluɓa wa kabarinsa. A nan ba na dariya, ranka ya daɗe. Tsoro nake ji. Na nemi wuri a kan tudu, can nesa da ƙauyenmu, in mayar da shi, aka ce filin na ƙauyukan da kuka shafa wa ja ne.

Roƙona kaɗan ne. Ku sake turo mutum kafin damina, wanda ba ya sauri. Mun yi alkawari ba za mu taɓa bango ba, Peniasi kuma za mu kulle shi a kicin.

In hakan ya yi muku nauyi, kada ku damu. Masunta sun ce abin da kogin nan ya ɗauka, bakin birninku yake kai shi. Idan wata safiya kun ga akwati ya tsaya a ƙasan tagarku, mijina ne ya zo da kansa. Ku ba shi wurin zama, ku tambaye shi yaya kogi. Mutum ne mai kunya. Vinaka zai ce.

Taka mai biyayya, da ruwa har gwiwa,

Salanieta matar Sakiusa,
Natirikula, koren ƙauye.