Koren Fenti da Farar Shaddar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata Hanifa ba, ko da yake na fi kowa son a manta da ita.

Gidajen layinmu a unguwar Abbey Wood, nan ƙasar Turawa, tsohon gini ne na shekarun alif ɗari tara da sittin, fuskarsu duk katako. Nawa ya koɗe, fenti na ta ɓarewa. Na maƙwabcina Malam Hamisu kuwa, wani Bazazzagi, sai sheƙi yake. Duk baƙon da ya zo wurina sai ya fara tsayawa ya yaba gidansa. Har matata Rabi da shi take kwatance in za a kawo mana saƙo. Wallahi abin ya ci min rai. Ina gaishe shi da fara'a, cikina kuwa kamar na haɗiyi garwashi.

Ana saura kwana biyu suna, ga surukina Alhaji ya taso takanas daga Kano, na sayo fentin mai, kore shar. Malam Hamisu ya leƙo ta kan shinge, ya ce katakon ya sha ruwan sati guda. Wai in jira ya bushe, in kankare tsohon fentin, in goge da samfefa, sannan in shafa. Har ya ce zai ara min kayan aiki. Na ce na gode (a raina ina cewa baƙin ciki yake, kada in kamo shi). Ni da na saba shafe gidanmu na Fagge duk jajibirin Sallah, kafin la'asar ya bushe, wa zai koya min fenti? Na manta can siminti ne da rana, nan kuwa jiƙaƙƙen katako ne da hadari. Na lafta shi da kauri, har hawa biyu.

Ranar suna, bayan addu'a, ni da bakina na ce a fito waje a ɗauki hoto, don kawai kowa ya ga gidan. Da safe na taɓa, saman ya yi kamar ya bushe. Alhaji, cikin farar shaddarsa mai aiki, ya jingina da bango saboda ciwon gwiwa. Da ya yunƙura zai gyara tsayuwa, riga ta ƙi biyo shi. Sai da ya fizga ta ɓanɓaro, bayanta layi-layin kore, har da ɓawon tsohon fenti.

Alhaji ya dubi bango, ya dube ni.

"Wane mugun ne ya yi maka wannan aiki?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kafin in buɗe baki Malam Hamisu ya ce, "Ranka ya daɗe, damina ce ta cuce mu, a yi mana afuwa." Ya shiga gida ya ɗauko wa Alhaji sabuwar rigarsa. Tun da bangona ba ya taɓuwa, a ƙofarsa aka ƙarasa hoton.

Asabar ta gaba na je da kaina na ari abin kankare fenti a wurin Malam Hamisu, na karɓa da hannu biyu. Yanzu na san wanda ka fi jin haushinsa ba a ƙin shawararsa, don sau da yawa da ita ya fi ka. Hoton na nan rataye a falona: surukina cikin rigar Malam Hamisu, a gaban gidan Malam Hamisu. Baƙi har yau cewa suke, "Kai, gidanka ya yi kyau a nan."