Ranar da Inna Amsa ta gaida fanka

Jiya Talata na bar maimai a gona, dawa tana neman hannu, na tafi aikin lada. Na dawo da ciwon baya da kuma ilimi. Ciwon bayan nawa ne ni kaɗai, ilimin kuwa bari in gutsura muku.

Maƙwabcina Bunu mai kanwa ne ya buga mini ƙofa da sassafe. Katanga ɗaya ce tsakaninmu shekara arba'in da ɗoriya. Asalinsu mutanen gabas ne, Barebari, amma shi a nan ya yi wayo, Hausarsa ma ta fi tawa lanƙwasa. Mahaifiyarsa Inna Amsa, tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin unguwarmu, yanar ido ta rufe mata ido biyu. Bara kuma shanyewar ɓarin jiki ta taɓa ta. Allah ya tashi kafaɗarta, sai dai ciwon ya tafi da Hausarta. Hausar shekara hamsin ta tsiyaye kamar gero a ɓulallen buhu, Barbarcin da ta sha a nono ya dawo ya zauna daram. Abin da ya rage mata a harshenmu gaisuwa ce kawai.

To, an yi shela za a yi wa tsofaffi aikin ido kyauta, amma sai wanda wani kwamiti ya tantance, kuma jiyan ce ranar rufe rajista. Wanda bai shiga ba sai baɗi. Mai shekara tamanin da 'yan kai kuwa ba a yi mata alkawari da baɗi.

Muka ɗauki hayar a-daidaita, muka sa Inna a tsakiya. A hanya Alhaji Ɗanliti mai shagon taki ya tsayar da mu, shi ma idonsa na hagu ya fara hazo, ya matse kusa da direba. Rediyo tana ta bayani, wai a wata ƙasar Turawa an kafa doka: macen da ta rufe kanta ba za ta yi aikin gwamnati ba, kuma duk mai kanti sai ya rubuta allonsa da yaren masu ƙasa. Alhaji ya dafe ƙirji.

"Kun ji zalunci! Mutum da addininsa, mutum da yaren uwarsa! Wallahi da ni ne a can, da sun ga tsiya."

Muka ce ƙwarai, Alhaji, Allah ya isar wa bayinsa. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Kwamitin ya sauka a wani ɗaki mai faɗi, tsofaffi sun yi layi har gindin darbejiya. Ƙarfe takwas aka ce, shugaban kwamitin, Mai Girma Magajin Biro, bai iso ba sai sha ɗaya. Allah ya ƙara masa lafiya, mutum ne mai tsoron Allah: bai taɓa takarda ba sai da aka buɗe taro da addu'ar da ta kai tsawon tafiya daga Bagwai zuwa Dawakin Tofa a kan jaki. Aka tada janareta. Ba don na'urar duba ido ba, wannan tana cikin kwalinta. Don fanka ce, doguwa mai tsayuwa da ƙafa ɗaya, aka girke ta a gefen Mai Girma tana juya kai dama da hagu.

Da layi ya zo kanmu, Bunu ya rusuna ya miƙa takardar da ya rubuta tun daga gida: sunan Inna, unguwarmu, da yadda ciwon ya faro. Da ajami ya rubuta, rubutu tsaf kamar an ja da zare. Mai Girma ya kama ta da yatsa biyu, kamar wanda aka miƙa wa mataccen ɓera.

"Malam, wannan ai rubutun addini ne. Gwamnati ba ruwanta da addini."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan mun shaida. Ba ruwanta da addini, ba ruwanta a famfo. Famfon unguwarmu shekara shida ke nan yana bin wannan doka sau da ƙafa."

Bai yi dariya ba. Manya ba sa dariya kafin azahar.

Na ƙara da cewa, "Amma duba da kyau, ba aya ba ce. 'Idonta yana ruwa' aka rubuta. Da wannan rubutun kakana yake aika wa surukinsa a turo masa jaki."

Ya ce shi dai doka ta ce Turanci ko Hausar boko. Ya jawo fom ya fara cikewa. Layi na huɗu, me kuke tsammani? Addini. Na ce ashe dai akwai ɗan ruwan. Ya ce wannan don ƙididdiga ne. Wani dattijo Kirista daga ƙauyen bayan rafi, Bahaushe tun kaka da kakanni, ya raɗa mini cewa shi da ya faɗi nasa, sai da aka tambaye shi daga wace jiha ya zo.

Sai aka zo kan tambayoyi. Bunu ya matso zai yi tafinta, Mai Girma ya ɗaga biro.

"Koma baya. Sabon umarni: mai nema shi zai amsa da bakinsa. An kama wasu tafintoci suna cusa 'yan uwansu."

Kun ji hikima. Ɓera ya yi ɓarna, sai a ƙone rumbu. Ni ajina uku a firamare, shi ya sa irin wannan zurfin tunani yake wuce ni.

Mai Girma ya ɗaga murya, kamar dai rashin jin yare kurumta ce.

"Inna! Lafiyarki ƙalau?"

Tsohuwa ta ji abin da ta sani, fuskarta ta washe. "Lafiya ƙalau."

"Idon fa?"

"Alhamdu lillahi."

"Akwai wata damuwa?"

"Ba gajiya."

Biro ya yi ƙyas, ƙyas, ƙyas. "Mai nema ta tabbatar da bakinta lafiyarta ƙalau. Ba ta cancanta ba. Na gaba!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gidanku in an ce ya jiki, me ake cewa? Ubana da hantsi aka tambaye shi ya ce da sauƙi, da azahar muka kai shi makwancinsa. In da gaisuwa za a auna mu, ai duk ƙasar nan babu majinyaci ko ɗaya, sai a rufe asibitoci a zuba gyaɗa."

Bunu kuwa, ƙaton mutum mai furfura, ya sake rusunawa. "Yallaɓai, gyatumata ce. Tuwo sai na kama hannunta na kai mata kwano. Ka bar ni in faɗa mata tambayar, kalma uku kawai."

Daga bayanmu sai wata murya: "Haba, ku ba mutane wuri mana! A Kano ake fa. Shekara hamsin tana cin tuwonmu, ta yi Hausa mana!"

Na waiga. Alhaji Ɗanliti ne. Shi dai, mai tsiyar da Turawa za su gani. Wasu ma suka ce gaskiya ne. Na ce, "Alhaji, ashe dokar da muka ji a rediyo ta riga mu sauka daga a-daidaita." Ya shiga gyaran hula. Ban cika matsa masa ba, don ni ma in za a bi diddigi, na sha kwaikwayon maganar Inna a majalisa ana dariya. Laifi tudu ne.

Bunu ya kama hannun uwarsa za su fita. Ita kuwa ba ta san an kore ta ba, ta ɗauka an gama. Tsohuwa mai tarbiyya ba ta barin gaban babba ba godiya. Ta zame hannunta, ta juya wajen da take ganin inuwar wani dogo yana motsi, ta lallaɓa ta durƙusa a gaban fanka.

"Wushe, wushe," ta shiga jero gaisuwa da Barbarci, tana tafa hannu a hankali. Fanka ta juya dama, ta juya hagu. Inna ta ƙara ƙasƙantar da murya.

Aka fara ƙyalƙyala, sai dariyar ta mutu da kanta. Na tambayi Bunu me take cewa. Ya share ido da hannun riga.

"Cewa take, ranka ya daɗe, na ga kana ta girgiza kai. Ka yi haƙuri ka taimaki tsohuwa, ina so in ga fuskar jikokina."



Wata ma'aikaciyar jinya da ke gefe tana jera katuna, Furera aka ce sunanta, ta taso ta ɗaga Inna ta zaunar da ita a kujerarta. Ta haska mata ido da tocilan ɗin waya, ta ɗauki fom ɗin ta juya bayansa.

"Yallaɓai, umarni ya ce ta amsa da bakinta. Bai ce mu ma mu rufe namu idon ba. Ga gurbin abin da ma'aikaci ya gani. Na ga yana a ido biyu. Kai me ka gani?"

Mai Girma ya dubi fanka, ya dubi jama'a, ya yi gyaran murya. Ya ce dama tun shigowarta ya lura, gwada mu yake yi. Ya buga hatimi. Muka ce Allah ya ƙara basira, irinku ƙasa take nema. Alhamis mai zuwa za a yi wa Inna aiki.

Saboda haka ina roƙon manya, in ana rabon muƙami a tuna da fankar nan. A duk ɗakin ita kaɗai na ga tana duban dama tana duban hagu. Ta ba Musulmi iska ta ba Kirista, ba ta tambayi kowa yarensa ba, kuma ta saurari tsohuwa har ta gama ba ta ce "na gaba" ba. In wannan ne ba ruwan gwamnati da addini, a ƙaro mana guda goma.

Da yamma Bunu ya leƙo ta katanga, wai Inna ta ce in ido ya buɗe, sai an mayar da ita ta ga fuskar babban mutumin nan mai haƙuri. Ya ce, "Muntaka, yaya zan yi?" Na ce a kai ta mana. A dai tabbata an tada janareta.